Kurakuran da aka fi yi idan aka ware wa masu keke hanyarsu, da yadda za a gyara su

Duk birnin da hukuma ta yanki wani ɓangare na titi ta kange shi ta ce na masu keke ne kaɗai, sai an yi ce-ce-ku-ce. Direbobi su ce an matse su, masu shaguna su ce an kore musu masu saye, wasu kuma su ce asarar kuɗi ce kawai tunda ba sa ganin kowa a kan hanyar. An sha wannan gardama a Landan da Toronto da Kampala, kuma mutumin Ringim ko Gaya ko Kazaure yana iya cewa ba ta shafe shi ba. Sai dai idan aka duba, mu ne masu keken: ɗalibai, malaman firamare, masu kai kaya kasuwa, da magidantan da suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Ga shi ana ta faɗaɗa titunan cikin garuruwanmu, ana yi musu lambatu da fitilu, ba tare da an tambayi inda mai keke zai bi ba. Ko ba daɗe ko ba jima gardamar za ta iso mu, gara ta same mu mun san inda wasu suka yi tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da ido a makonnin farko. Mutum yana zaune cikin mota a cunkoso, ya leƙa ta taga ya ga hanyar keke fayau, sai ya ce ga shi nan an ƙwace titi an ba wa iska. Abin da bai lura da shi ba shi ne cunkoso ne ke sa motoci su yi yawa a ido, domin suna tsaye wuri ɗaya, alhali kekuna ashirin za su iya wucewa ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintuna ba su bar wata alama ba. Irin wannan gaggawa ce ta sa a ƙarshen 2020 hukumar wata unguwa a Landan ta cire hanyar keken da aka yi a babban titin Kensington bayan mako bakwai kacal, tun kafin jama'a su saba da ita. Birnin Ishbiliya na ƙasar Sifaniya kuwa ya bi wata hanya dabam: tsakanin 2006 da 2007 ya shimfiɗa kimanin kilomita 80 na hanyoyin keke masu shinge, waɗanda suka haɗe da juna daga unguwa zuwa unguwa, kuma cikin 'yan shekaru masu hawa keke suka ninka sau da yawa. Gyaran wannan kuskure shi ne a ƙirga. A tsayar da mutane a bakin titi su lissafa kekuna da babura da motoci kafin a fara aikin, a sake lissafawa bayan an gama, a ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, da damina da rani, da kuma lokacin tashin ɗalibai. Wanda ya ƙirga kekunan Maigatari ranar Litinin da azahar, ya ƙyale safiyar Alhamis da ake cin kasuwar garin, bai ƙirga komai ba.

Masu shaguna su ne suka fi ɗaga murya, kuma kukansu yana da ɓangare biyu da bai kamata a haɗa su ba. Ɓangaren farko shi ne zaton da suke yi cewa mai mota ne ke riƙe da cinikinsu. Wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan tituna biyu na kasuwanci a Barlin ya nuna cewa kashi 7 cikin ɗari ne na masu saye suka zo da mota, alhali masu shagunan sun ƙiyasta kashi 22. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai mota idan ya tsaya kowa ya gan shi, ga shi kuma shi ne ke ƙorafin wurin ajiye mota, amma matar da ta aiko yaro a ƙafa sau uku a yini ba ta shiga lissafi. A garuruwanmu abin ya fi haka ƙarfi, domin mai tireda a Gumel ko Dambatta zai iya yini bai sayar wa mai mota ko ashana ba. Wanda ke shakka ya ajiye littafi na mako guda, ya riƙa rubuta da me kowane mai saye ya zo.

Ɓangare na biyu kuwa gaskiya ne, kuma a nan hukumomi ne ke kuskure idan suka yi kunnen uwar shegu da shi. Mai shago yana buƙatar inda mota za ta tsaya a sauke masa buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, mai a-daidaita-sahu yana buƙatar inda zai sauke fasinja. Idan ba a tanadi waɗannan wurare ba, to a cikin hanyar keken za a riƙa saukewa, ko da wace irin doka aka kafa. Maganin abin shi ne a zauna da sarkin kasuwa da shugabannin direbobi tun ana zane, a ware wuraren sauke kaya a tazarar da ba za ta wahalar da 'yan dako ba, a kuma tsayar da lokacin da manyan motoci za su riƙa shigowa.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a ja layin fenti a gefen kwalta a ce an yi hanyar keke. Mu ɗauki magidanci da ya ɗauro buhun masara a kariyar kekensa da safiyar ranar kasuwa. Yana bin gefen titi inda aka ce nasa ne, sai ya tarar da mai rake ya kafa baronsa a kan layin. Ya kauce, gaba kaɗan ga a-daidaita-sahu ta tsaya tana jiran cikon mutum ɗaya. Dole ya karkata ya shiga tsakiyar titi, da kaya mai nauyi a bayansa wanda ba ya barinsa ya waiwaya sosai, daidai lokacin da tirela ke tahowa. Idan ya tsira daga wannan, yana komawa gefe sai yashin da ruwan sama ya tara ya kama tayar gaba, keke ya yi rawa. Layin fenti bai kare shi daga ko ɗaya cikin waɗannan ba, hasali ma ya ƙara masa haɗari, domin direba yana ganin an riga an ba shi wurinsa, don haka ba ya tsammanin fitowarsa. Abin da ke raba hanyar keke da sauran titi shi ne shinge na zahiri, wato dakalin kankare wanda tayar mota ba za ta hau cikin sauƙi ba, a bar masa 'yan ƙofofi domin ruwa ya gangara lambatu. Faɗin kuma kada ya gaza mita 2 idan hannu ɗaya ne, ko mita 3 idan masu zuwa da masu dawowa za su haɗu, kuma a wurinmu da ake ɗaure kara ko itace a kwance a bayan keke, wannan ma'auni shi ne mafi ƙanƙanta. A rufe bakin lambatu da murfin da tayar keke ba za ta faɗa ba. Sannan a sa kuɗin shara cikin kasafin aikin tun farko, domin shingen da ke hana mota shiga shi ne kuma ke tare yashi da leda, kuma hanyar da ba a share ba damina ɗaya ta isa ta binne ta.

Shinge yana hana mota, amma ba ya hana babur, kuma wannan ce matsalar da zanen da aka kwafo daga Turai ba ya tanada. A Kampala an ware wa masu tafiya a ƙasa da masu keke wani ɓangare na titin Namirembe, amma 'yan acaba da masu kasa kaya suka yi ta kutsawa ciki. A cikin birnin Kano an hana acaba tun watan Janairun 2013, sai dai a ƙauyuka da ƙananan garuruwa babur shi ne motar haya, shi ne motar asibiti, kuma duk ƙofar da keke zai shiga shi ma zai shiga. Babu wata dabarar gini da za ta warware wannan. Sai an sami yarjejeniya da ƙungiyar 'yan acaba, ta yadda su da kansu za su riƙa cin tarar nasu, tare da jami'an da za su tsaya a wurin a watannin farko. Haka kuma a faɗi tun da wuri wa aka yarda ya shiga. A ganina keken guragu da kurar mai ruwa da baro sun fi cancantar wannan hanya da tsakiyar titi, matuƙar faɗinta ya isa a wuce su, amma amalanken shanu zai toshe ta gaba ɗaya.

Akwai kuma ɗabi'ar gina hanyar a inda titi ya miƙe yana da fili, sannan a yanke ta da zarar an iso shataletale ko mahaɗa ko bakin tasha, wato daidai inda aka fi buƙatarta. Tun 1972 hannun dama ake bi a Najeriya, saboda haka mai keke yana can gefen dama, kuma duk motar da za ta karya kwana zuwa dama sai ta gitta ta gabansa. Direban tirela ba ya hango wanda ke dab da tayarsa ta wannan gefe. Idan kuɗi ba za su isa duka ba, a fara da mahaɗa: a matse kwanar domin dole direba ya rage gudu, a ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu, a hana ajiye mota kusa da kwana domin kowa ya hango kowa. Uba ba zai bar 'yarsa ta hau keke zuwa makaranta ba idan akwai mahaɗa ɗaya tak mai ban tsoro a hanya, komai kyan sauran.

Masu keken su ma suna da nasu laifin, kuma shi ne ke ba masu adawa abin faɗa. Bin hannun da ba naka ba domin a rage nisa, tafiya bayan magariba babu fitila babu abin da ke ƙyalli a baya, birkin da sai an sa ƙafa a ƙasa, duk waɗannan gyaransu bai wuce ziyara ɗaya wurin mai gyaran keke ba, da kuma jan kunnen yara a gida da makaranta.

Sai maganar da ake yawan ji, cewa wannan tsarin Turawa ne, ko kuma cewa keke alamar talauci ce da bai kamata gwamnati ta ɗawwamar da mutane a kai ba. Mutanen Holan ba da hanyoyin keke aka halicce su ba. A 1971 fiye da mutum 3,000 ne suka mutu a titunansu, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, kuma iyaye ne suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. Ƙarancin man fetur na 1973 ya zo ya ƙara wa kiran nasu ƙarfi, aka ɗauki shekaru ana gini. A nan gida ma an taɓa gwada wa'azin keke babu hanya: a 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kira ga jama'a su hau keke, shi ma ya hau a Abuja, har wata motar bas ta ture shi cikin rami. Mutane suka yi ta dariya, amma abin da lamarin ya nuna shi ne ko minista ba shi da kariya a titin da aka zana domin mota kaɗai. Game da talauci kuwa, mutumin da ke hawa keke yau zai ci gaba da hawa gobe ko an yi masa hanya ko ba a yi ba, kuma hana shi kariya ba zai saya masa mota ba.

Masu goyon baya su ma suna zarce gona da iri idan suka ce kowane titi sai an yi masa shinge. Lungun da ke cikin ƙauye ba ya buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda mutane da ababen hawa ke cakuɗa, kuma a irin waɗannan wurare tudun rage gudu da aka yi bisa ƙa'ida ya wadatar. Shinge na manyan tituna ne masu ratsa gari, irin hanyar Kano zuwa Maiduguri a inda ta bi ta Wudil, da hanyoyin da ke shiga manyan kasuwanni da makarantun sakandare. A tsakanin gari da gari kuma, kafaɗar titi mai faɗi da aka zuba wa kwalta ta fi amfani da duk wani ado.

Na ƙarshe shi ne lokacin da muke magana. Mun saba mu yi shiru har a gama zuba kwalta a gina lambatu, sannan mu fara kuka bayan an kaɗe yaro na farko, alhali a wannan lokacin ƙara mita biyu a gefen titi yana nufin fasa lambatu da biyan diyyar shaguna. Lokacin da 'yan awo suka zo suna kafa turaku, shi ne lokacin da ƙungiyar ci-gaban gari da kwamitin iyayen yara da malamai za su je wurin dagaci da hakimi da kansila, su nemi a nuna musu zanen, su yi tambayoyi a rubuce: ta ina mai keke zai bi, me zai raba shi da tirela, yaya za a yi da mahaɗar kasuwa, a ina za a sauke kaya, kuma wa zai riƙa share yashin bayan ɗan kwangila ya tafi. A ajiye kwafin takardar, a aika ɗaya ma'aikatar ayyuka ta jiha, ɗaya kuma ga ɗan majalisar da ke wakiltar yankin.