Yadda za a tsara baƙin Kusugu kada su fi ƙarfin unguwa

Na daɗe ina raka baƙi Rijiyar Kusugu a nan Daura: ɗaliban makaranta, 'yan Nijar masu shigowa ta Kongolam, wani lokaci har da Bature da kyamararsa a wuya. Yawancin shekara wurin shiru yake. Amma in Sallar Gani ta zo, ko motocin makarantu huɗu suka iso a tare, sai ka ga unguwa ta cika maƙil, mai gida ya rasa hanyar shiga gidansa. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, in da masu kula da wurin za su ji tawa.

A fara da ƙirga. Ranar taro a tsayar da mutum a ƙofa da littafi, ya rubuta mutum nawa ɗakin rijiyar ke ɗauka ba tare da turereniya ba, kuma minti nawa kowane rukuni ke yi kafin ya sha ruwa ya fito. Wannan lissafin shi ne tushen sauran. Birnin Benis na Italiya ya taƙaita rukunin masu yawon buɗe ido zuwa mutum 25 a 2024, ya kuma hana masu rakiya amfani da lasifika. Mu ɗakinmu ƙarami ne, ni ko 25 ɗin ba na kai wa. Ina raba aji gida biyu, rabi su jira a inuwa ina ba su labarin Bayajidda da Daurama.

Sai rabon lokaci. Makarantar da za ta kawo yara ta kira kafin ta taso, a ba ta rana da awa. Ƙasar Girka ta yi haka a Akropolis, tsohon wurin tarihi da ke babban birninta, tun 2023, mutum 20,000 a rana, kowa da lokacin shigarsa. Nakan yi wa malamai tsokana cewa mu muka riga su: ai macijin nan na rijiyar ma, kamar yadda aka ba mu labari, ranar Juma'a kaɗai yake barin mutane su ɗebi ruwa.

Maganar mota ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wata shekara wani direba ya kutsa da doguwar bas cikin lungu ya kulle ya tafi cin abinci, sai ga masu jana'iza ɗauke da makara. Dole suka zagaya ta baya. Ni da na kawo baƙin, har yau in na haɗu da dattijon gidan sai na sunkuyar da kai. Manyan motoci su tsaya a bakin titi, a ƙarasa da ƙafa ko da Keke Napep, 'yan garin ma su samu na cefane.

In za a karɓi kuɗin shiga, a ba da rasit, kuma kada a karɓa a hannun ɗan gari. Benis haka ta yi da ta sanya Yuro 5 kan masu wuni su koma a 2024: mazauna ba sa biya. A ware kaso na shara da ban-ɗaki, domin ledar fiya wata da baƙi ke zubarwa matan unguwa ne ke sharewa. A liƙa abin da aka samu da abin da aka kashe inda kowa zai gani, mai unguwa kuma ya zauna cikin masu yanke shawara.

Kada a tara kowa a wuri ɗaya. Wanda ya zo da lokaci a nuna masa fada, a tura shi Durɓi ta Kusheyi, makabartar tsoffin sarakuna da ke wajen Mani, ya wuce Katsina, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, ya ga Hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina.

Kafin mu shiga lungu kuwa nakan tsayar da baƙina in ce musu kada wanda ya ɗaga waya ya ɗauki mace ko yaro, ko ya leƙa zauren wani, sai ya yi sallama an amsa masa.