Kula da Lafiya ga Sabon Ɗalibi a Kumasi

Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya zo karatu Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a ƙasar Ghana, ya kamata ya fara sanin cewa daminar nan ba irin ta gida ba ce. Ruwa yakan sauka sosai daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo daga Satumba zuwa Nuwamba, don haka sauro ba ya yin sauƙi kamar yadda aka saba gani a arewa idan rani ya tsaya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ruwansa da jadawalin lacca, yana iya kwantar da mutum ana saura kwana biyu jarrabawa.

Saboda haka, kafin a sayi fanka ko tukunyar lantarki, a fara sayen gidan sauro mai magani a ɗaura shi tun daren farko, musamman ga wanda ya kama ɗaki a unguwannin da ke kewaye da jami'ar, kamar Ayeduase ko Kotei ko Bomso, kuma akwai kwata ko ciyawa a bayan tagarsa. Idan jiki ya yi zafi, kai yana sara, gaɓoɓi suna ciwo, ina roƙon ku da ku bar al'adar nan ta tsayawa a kemis a ce a haɗo magani. Jami'ar tana da asibitinta a cikin haraba, kuma gwajin da ake yi da ɗigon jini daga ɗan yatsa ba ya wuce minti 20. Wanda aka ba maganin kwana uku ya shanye shi duka ko da ya ji sauƙi a rana ta biyu, domin ragowar ƙwayar cutar ita ce takan dawo da zazzaɓin. Mai sikila ko asma ya sanar da likita tun zuwan farko. Idan abu ya tsananta akwai Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a cikin gari, lambar neman agajin gaggawa kuma ita ce 112. A adana katin rigakafin zazzaɓin shawara tare da fasfo, sannan a tambaya tun makon rajista yadda inshorar lafiya ta shafi ɗalibi baƙo.

Ta fuskar abinci, Bahaushe ya yi sa'a a Kumasi, domin da safe ba a rasa koko da ƙosai, da rana ga shinkafa da wake wadda ake kira waakye, da yamma kuma ga tuwo da miyar ayoyo. A Zangon Ayigya da ke kusa da jami'ar, da Aboabo da Asawase, akwai mahauta 'yan'uwa da mutum zai sayi nama a hannunsu hankalinsa kwance. Abin da ke damuna shi ne ɗalibin da zai wuni da yunwa yana bin darussa, sai dare ya raba ya dafa indomi, gobe ma haka, alhali ayaba da lemo da abarba da gwanda suna nan a bakin hanya. A zaɓi abincin da aka sauke yana tururi, a yi hattara da ganye ɗanye da wanda ya daɗe a buɗe, a wanke hannu da sabulu, domin taifot da gudawa ta baki suke shiga. Gumi yana da yawa a nan saboda laimar iska, don haka gorar ruwa mai tsabta kada ta bar jaka.

Barcin awa bakwai yana cikin karatu, domin a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da aka karanta. Lemon ƙara kuzari ba ya maye gurbinsa, ƙwayar tiramadol kuwa kada ma a kusance ta, ko da aboki ne ya miƙo. Zagaya filin wasa na Paa Joe da ke cikin jami'ar bayan sallar asuba ya wadatar a matsayin motsa jiki. Wanda kewar gida ta hana shi ci da barci kada ya kulle kansa a ɗaki. Ya je masallacin jami'a ya nemi 'yan Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Ghana, idan damuwar ta ƙi wucewa kuma ya ga masu ba ɗalibai shawara ko likita.