Daga Longyearbyen zuwa Utqiagvik: kurakuran da aka fi yi wajen auna nisan tafiyar jirgi

Longyearbyen gari ne a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, kuma filin jirginsa, wanda aka buɗe a 1975, shi ne mafi kusa da ƙurewar arewacin duniya cikin filayen da jiragen fasinja ke sauka a kai a kai. Utqiagvik kuwa yana can ƙarshen arewacin Alaska a Amurka. Tambayi mutum goma nisan da ke tsakaninsu, da wuya biyu su ba ka amsa iri ɗaya.

Babbar matsalar ita ce taswirar bango. Irin wadda Mercator ya zana a 1569 tana shimfiɗa duniya kamar tabarma, sai yankunan arewa su kumbura fiye da girmansu. A kanta za ka ga garuruwan nan biyu kamar rabin duniya ne ya raba su. Gyaran ba shi da wahala: samo ƙwallon duniya irin na ɗakin karatu, ɗora zare daga wannan gari zuwa wancan, ka ja shi ya miƙe. Zaren ba zai bi gabas ba, ba zai bi yamma ba. Arewa zai nufa, ya gifta dab da ƙurewar duniya, ya gangaro ta ɗaya ɓangaren. Tsawonsa kusan kilomita 3,400 ne kawai.

Masu son lissafi ma suna da tasu tuntuɓen. Sun haddace cewa digiri ɗaya kilomita 111 ne, sai su ga akwai kimanin digiri 172 tsakanin garuruwan daga gabas zuwa yamma, su ninka, su fito da kilomita 19,000. Daga gabas zuwa yamma, wannan 111 ɗin a kan layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu (equator), yake aiki. Layukan da ke saukowa daga arewa zuwa kudu matsewa suke yi yayin da ake hawa, kamar ɓangarorin lemu da ke haɗuwa a wajen hancinsa. A Longyearbyen digiri ɗaya bai wuce kilomita 23 ba, a Utqiagvik kuwa wajen 36.

Sai rikicin ma'auni. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku da matuƙa jirgi ke amfani da shi kuma 1.852. Wato nisan nan ɗaya zai iya fitowa a matsayin mil 2,100 ko 1,825, duka daidai. Duba wane mil ake nufi kafin ka ce wani ya yi kuskure.

Wasu kuma suna ne ke ɓatar da su. Har 2016 Barrow ake kiran Utqiagvik, kuma lambar filin jirgin har yau BRW ce. Yi bincike da lamba, BRW da LYR ta Longyearbyen.

Wanda ya fi cin aljihu, a ganina, shi ne ɗaukar nisan zare a matsayin nisan tafiya. Babu jirgin fasinja da ke tashi kai tsaye tsakanin filayen biyu. Daga Longyearbyen sai ka sauko Tromsø ko Oslo, ka tsallaka teku zuwa Amurka, ka hau Anchorage, sannan ka kama jirgin ƙarshe zuwa Utqiagvik. Saukowa Oslo kaɗai ta cinye kimanin kilomita 2,000, kuma kudu ka nufa, ba ka ko fara rage hanya ba. Idan za ka tsara tafiya, auna kowane zango daban, ka tara, ka ƙara da awoyin jira.