Kafin ka sayi gida a unguwar zaman haɗin gwiwa, fara zama ɗan haya

Duk wanda ya ce min zai zuba kuɗinsa ya sayi gida a irin waɗannan unguwanni, shawarata ɗaya ce: ya fara kama haya a ciki. Ni ma ta nan na shiga. Ga wanda bai san tsarin ba, kowane iyali da gidansa da kicin ɗinsa da ƙofar da yake kullewa, sai kuma babban gida na kowa da kowa mai ɗakin girki da zauren cin abinci, wani wurin har da ɗakin wanki da masaukin baƙi. Motoci a gefe ake ajiye su, tsakiyar unguwa ta yara ce da masu tafiya a ƙasa. A Denmak abin ya samo asali, inda unguwar Sættedammen ta buɗe a 1972 da iyalai 27, ta farko a Amurka kuwa ita ce Muir Commons a garin Davis na Kalifoniya, a 1991.

Samun hayar ma aiki ne. Gidajen ba yawa, galibi 20 zuwa 40, masu su ne a ciki, wasu unguwannin kuma sun ƙayyade adadin da za a iya ba da haya. Kada ka zauna jiran talla. Tuntuɓi kwamitin karɓar sababbin shiga, ka nemi a gayyace ka cin abincin haɗaka, ka sa suna a jerin masu jira. Abin da ya fi faɗowa shi ne gidan wanda aiki ya kai wani gari na ɗan lokaci, ko ɗaki a gidan da 'ya'ya suka girma suka tashi. Ɗakin ma ka karɓa.

Kafin ka sa hannu, tambayi matsayin ɗan haya. Wani wurin muryarsa daidai take da ta mai gida, wani wurin in an zo maganar kasafi sai dai ya saurara. Tambayi wa zai biya kuɗin wata-wata na kula da kayan haɗaka, kai ko mai gidan, da kuma awa nawa na aikin unguwa ke kanka. A rubuta duka a takardar haya.

In ka tare, kada kyawun gida ya ɗauke maka hankali. Taro za ka sa wa ido. Yawancin unguwannin nan ba a yanke shawara da rinjayen ƙuri'a, sai an tattauna har kowa ya amince ko ya ce ba zai hana ba, kuma mutum ɗaya na iya dakatar da magana. A takarda abin sha'awa ne. A zaure kuwa na ga an kwashe watanni ana kai-komo kan ko za a bar kyanwa ta riƙa yawo a waje. Lura da wanda ke yawan magana, da wanda ya daina zuwa, da yadda mutum biyu da suka yi sa-in-sa jiya suke gaisawa yau. Ka kuma lura da kanka: in ka fito daga taron kana jin kamar an kwashe maka jini, to haka za ka riƙa ji kowane wata bayan ka saya. Yi ƙoƙari hayarka ta kai lokacin taron kasafin shekara, domin a nan halin kowa ke fitowa fili.

Shiga layin girki tun makon farko. Dafa wa mutum talatin da wanke tukwanensu ya fi kowace hira nuna maka su wa ke aiki, su wa ke zamewa.

Sai takardu. Nemi bayanan tarukan baya, da dokokin unguwa, da lissafin asusun ajiya na manyan gyare-gyare. In asusun ya rame ga rufin babban gida ya tsufa, kai da ka saya za a aiko wa da takardar karo-karo. Duba ƙa'idar sayarwa ma, tun da wasu wuraren sai an fara yi wa 'yan jerin jira tayi. In da hali, nemi wani da ya taɓa zama ya tashi, ka ji dalilinsa daga bakinsa.

Haya ba ta ba ka haƙƙin saye. In kana so a fara yi maka tayi ranar da mai gidan zai sayar, sai an sa wannan sharaɗin a yarjejeniya, kuma ka ba lauya ya duba kafin ka sa hannu.