Masu neman ɗan ƙarin kuɗi da waya, ga shawara

Salam 'yan uwa. Kowa Upwork da Fiverr, shafukan neman aiki ta intanet, ya sani, kuma can layi ya yi tsawo, sabon shiga sai ya yi wata bai ga ko kwastoma ɗaya ba. Ku leƙa shafin OneForma da kuma CrowdGen, wannan na biyun na kamfanin Appen ne, lokaci-lokaci suna neman masu jin Hausa su naɗi murya ko su saurari odiyo su rubuta abin da aka faɗa, masu Turanci mai kyau kuma ga ProZ don aikin fassara.

Amma fa sai ka iya rubutun Hausa daidai, ƙ da ɗ da ɓ duk sai sun fito, ka saka kibod ɗin Hausa a Gboard tun yanzu, saboda yawanci akwai gwaji kafin a ba ka aiki kuma idan ka faɗi wani lokacin shikenan. Naɗar murya kuma ka bari sai dare ya yi, janareton maƙwabta ya mutu, ka kashe fanka ka rufe ƙofa, ƙarar babur ɗaya ta isa a ƙi karɓar fayil ɗin.

Ka buɗe Payoneer, akawun karɓar kuɗi daga ƙasar waje, da sunan da ke kan katin shaidarka sak, ba sunan Facebook ba. Kar ka yi VPN ka ce kana Amurka, rufe akawun suke yi har da kuɗinka a ciki. Wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kuwa ɗan damfara ne, ka yi bulokin ɗinsa.

Kuma don Allah kar wanda ya bar shagonsa saboda wannan, a watan Maris 2024 Remotasks, wani shafin irin waɗannan ayyuka, ta rufe wa 'yan Najeriya da Kenya ƙofa dare ɗaya.