Daga bakin ruwa ake fara lissafin doguwar tafiya a mota

Karon farko da na tuƙa mota daga Paris zuwa Maroko, daga ƙofar gida na fara lissafi. Na raba kilomita wajen 1,900 gida uku, na ce rana ta uku da la'asar ina Algeciras, tashar jiragen ruwa a kudancin Sifaniya, sannan na sayi tikitin jirgin fito daidai da wannan lokacin. Cunkoso ya riƙe ni a gefen Madrid, taya kuma ta yi faci. Ko da na iso, jirgin na nan ina kallonsa, amma an rufe layin motoci. Rabin dare na shafe a kujerar direba kafin a samo mini gurbi a wani.

Tun daga ranar na juya lissafin. Masauki ana sauya shi, hanya ma haka, amma jirgi ba ya jiran kowa. Shi nake fara tsayarwa, sannan in ƙirgo kwanaki baya-baya har zuwa ranar tashi.

Fara da zaɓen mashiga. Akwai gajeren fito, akwai dogo. Daga Dover ta Ingila zuwa Calais ta Faransa minti 90 ne. Mashigin Jibralta da ya raba Sifaniya da Maroko, inda ya fi tsukewa, kilomita 14 ne kacal: daga Tarifa ta Sifaniya zuwa cikin garin Tanja na Maroko awa ɗaya, daga Algeciras zuwa tashar Tanger Med kamar awa ɗaya da rabi, sai dai ita wannan tashar tana wajen kilomita 40 gabas da garin. Dogon fito kuwa shi ne ka ɗora motarka a Sète ta Faransa, ko Barcelona, ko Genoa ta Italiya, ka kwana ɗaya ko biyu a kan ruwa zuwa Maroko. Mutane kan ga kuɗin tikitinsa su ja da baya, ni kuma nakan ce a zauna da biro tukuna. Cire kuɗin man da za ka ƙona ka ratsa Sifaniya, da kuɗin hanya, da masaukin dare biyu, ka ga abin da ya rage. Idan da yara a motar, ko kai kaɗai ne direba, dogon ya fi mini. Amma ka kama ɗaki. Na taɓa yin rowar kuɗin ɗaki na kwana a kujera, na sauka wuyana a sanƙare, ga tuƙi yana jirana.

Duba lokacin shekara. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba miliyoyin 'yan Maroko mazauna Turai ke zuwa gida su dawo, har hukumomin Sifaniya da Maroko kan yi shiri na musamman domin su. Ƙarshen Yuli da farkon Agusta, tashar Algeciras ba masaka tsinke. Ga kuma iskar gabas da ake kira levante, wadda in ta taso ƙananan jirage masu gudu na Tarifa ake fara dakatarwa. Shi ya sa ba na ɗaura wani alkawari mai nauyi a washegarin fito. Nakan bar wannan ranar a sake.

Yanzu ƙirgo baya. Lokacin da ke kan tikiti na tashin jirgi ne, naka lokacin yana gabansa: awa ɗaya zuwa biyu a gajeren fito, uku ko fiye a dogo. Agogon tashar da za ka hau ake bi, kuma a bazarar Turai Sifaniya na gaban Maroko da awa ɗaya, ita Maroko kuma takan mayar da agogonta baya da awa guda a watan azumi. Daren ƙarshe ka kwana inda bai wuce tuƙin awa biyu zuwa tasha ba. Sauran kwanakin, kilomita 500 zuwa 600 a yini sun isa. Dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, da awa tara a yini. Waɗanda sana'arsu ke nan ma an yi musu iyaka, balle ni da kai.

Sai awon mota, wanda kusan kowa ke mantawa. Da tsawo da tsayi ake sayar da gurbi a jirgi. Ka ɗaura kayanka a kariyar saman mota tukuna, sannan ka ɗauko tef ka auna daga ƙasa zuwa ƙololuwar kayan. In akwai tirela ko kekuna a baya, su ma a lissafa. Wanda ya rubuta ƙaramar mota ya zo da tulin kaya a sama, ko ya biya ciko a tasha, ko a ce benen da zai ɗauke shi ya cika. Tukunyar gas a faɗe ta tun wajen sayen tikiti, a kuma rufe ta kafin a shiga. Jarkar fetur a cike, yawancin kamfanoni ba sa yarda da ita ko suna ƙayyade ta. In motar da gas take aiki, ka sani jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa ba ya ɗaukar irinta, sai jirgin ruwa.

Takardu su ne inda shirin zaune ya fi na tsaye. Kai kana da fasfo da biza, motar ma tana da nata. Takardar mallaka ta zama da sunanka. In ta wani ce, ka riƙe wasiƙar izini mai hatimi, in kuma ta haya ce, yawancin kamfanonin Turai ba sa barin a tsallaka da ita Afirka. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa iri biyu aka fi sani, na yarjejeniyar Geneva ta 1949 mai shekara ɗaya da na Vienna ta 1968 mai kai wa shekara uku, kuma kowace ƙasa da wanda take karɓa, tare da lasisinka na asali. Koren katin inshora, wato shaidar inshorar mota ta ƙasa da ƙasa, yana aiki a Maroko muddin ba a soke akwatin da aka rubuta MA, alamar Maroko, ba. In an soke, sai ka sayi inshora a tashar sauka. Kwastan na Maroko kan ba motar baƙo wata shida, su kuma ɗaure ta da fasfonka, don haka kada ka yi tunanin barin ta ka hau jirgin sama ba tare da ka je wurinsu ba. Mai nufin Masar, Iran, Pakistan ko Indiya kuwa sai ya nemi Carnet de Passages, takardar da ke tsaya wa mota a kan ba sayar da ita za a yi ba, kuma sai an ajiye jingina mai kauri. Mai biza ta Schengen, wato ta bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ya riƙa ƙirga kwana 90 ɗinsa cikin 180, har da na dawowa. Lambar shasi kuma ka bi ta harafi-harafi a kowace takarda, domin kuskuren harafi ɗaya ya isa ya cinye maka yini a kan iyaka. Jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, bar shi a gida, a tashar Maroko karɓewa ake yi.

Makanike ya ga motar mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba: juye, birki, batir, safaya da jak.

A cikin jirgi, da zarar an tashi ana kulle benen motoci, ba mai komawa sai an iso. Tun a layi ka ware ƙaramar jaka: fasfo, magunguna, caja, biro, rigar sanyi, da maganin jiri in ruwa na juya maka ciki. Ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka kashe ƙararrawar ɓarayi, don girgizar jirgi na tayar da ita ta yi ta kuka har batir ya mutu. Kafin ka hau sama, ɗauki hoton lambar benen da ta matakalar. Na ga dattijo da iyalinsa suna zagaye suna neman motarsu, layi guda ya tsaya cak a bayanta ana ta hon. A jiragen Maroko da yawa, cikin jirgi 'yan sanda ke buga fasfo, saboda haka kana hawa ka nemi teburinsu ka cike 'yar takardar shiga. Wanda ya tsaya kallon teku, shi ne zai sha layi ana dab da sauka.

In an iso, kada ka tayar da inji sai layinka ya motsa. Mai sauka a Dover ya tuna hagu ake bi, kuma a shataletalen farko aka fi rikicewa. Ni dai ina fita daga kwastan nake tsayawa a gidan mai na farko, in duba iskar taya, in ƙara ɗaure igiyoyin kariya, in daidaita agogo. Masaukina na wannan daren ba ya wuce kilomita 100 daga tasha, kuma nakan zaɓi jirgin safe don in isa da sauran rana.