Yadda zaka gano kuɗin shigar gida na tsakiya a unguwarku

Idan ƙungiyarku zata raba tallafi a Pantami ko Bolari cikin garin Gombe, don Allah kar ku haɗa kuɗin kowa ku raba da yawan gidaje, attajiri ɗaya sai ya ja lissafin sama kamar kowa na cikin wadata. Gidan da samunsa ke tsakiya ake nema.

Da farko ka fara gaida mai unguwa. Sannan ka zaɓi gida 101, ba na abokanka ba, ka bi layi layi kana ɗaukar kowane gida na biyar, har na cikin lungu. Gida a nan masu cin tukunya ɗaya ne.

Na biyu tambaya, nan aikin yake. Mutanenmu basa son faɗin samu, toh ka bi a hankali, albashi, kuɗin Keke Napep, ƙosan da uwargida ke soyawa, abin da ɗa ke turowa daga Abuja, manomi kuma ka ƙiyasta kuɗin buhunan masara da wake na kaka ka raba 12, don samun wata ɗaya ake lissafawa.

Sai ka jera jimillar samun kowane gida daga ƙarami zuwa babba, na 51 shine amsarka.

Amma fa samfur ka ɗauka ba duk unguwa ba, saboda haka ka duba na 41 da na 61, akwai tabbacin kusan kashi 95 cikin 100 ainihin adadin yana tsakaninsu. Idan tazarar tayi faɗi sai ka ninka gidajen sau huɗu kafin ta ragu da kusan rabi. Wanda ya ɓoye samunsa kuma wannan lissafin baya gyara shi.